Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba: Jawabin Ranar Cikar Ƙungiyarmu Shekara

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwa da maigidanmu da suka ba mu izinin zuwa, sannunku da zama.

An ce mu yi magana kan ciniki, amma bana abin da ya fi taɓa mu shi ne jinyar 'yar uwarmu da muke kasa kaya tare a kasuwar Ɗambatta. Kusan shekara biyu tana shan maganin olsa daga kemis, ga jiƙo. Loma uku ta ƙoshi. Ta rame, bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta. Mu kuma muna ce mata wahalar damina ce.

Da aka kai ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka zura mata bututu mai kyamara ta baki, aka ɗebo ɗan nama aka auna. Ciwon daji ne na tumbi. Likita ya ce ya ci bangon tumbin ya kai kaluluwar da ke kusa, amma bai kai hanta ba, don haka akwai abin yi. Aka fara yi mata ƙarin ruwan magani da ake kira kemo don ƙullutun ya motse, aka yi tiyata aka cire wani sashe na tumbin, aka sake yin kemo. Yanzu ci take kaɗan-kaɗan, sau shida a yini.

Ba za mu ɓoye muku ba, a wannan matakin wasu na warkewa, wasu kuma ciwon kan dawo. Shi ya sa ba ta fashin ranar komawa asibiti. Wanda aka gano da wuri ya fi samun sa'a.

Kuɗin jinyar nan sai da ya cinye akuyoyinta da gyaɗar da ta ɓoye. Mu da muka shiga ajin yaƙi da jahilci mu muka riƙa karanta mata takardun magani da ranakun zuwa. Ashe karatun nan ya wuce lissafin mudu.

Roƙonmu biyu ne. A ware naira ɗari cikin kowane zubin adashe a buɗe asusun jinya. Sannan duk wadda olsarta ta ƙi jin magani, ko ta yi aman jini, mu raka ta asibiti, maza kuma ku ba da izini.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.