Jawabin Sashen Yankan Leza: Wane Falle Muke Saye, Kuma Don Me

 

Mu ne 'yan sashen leza, masu aiki da ɗan injin nan da ke kan teburi a ɗakin baya, wanda aka saya da kuɗin adashenmu gaba ɗaya. Tunda kuɗin na kowa ne, kuma bana wasunku za su shigo koyon aikin, muka ga ya dace mu yi bayani kan abin da ya fi cin jari a wannan sana'a, wato fallen akirilik, robar nan mai kama da gilashi da masu shago ke kira Perspex. Da shi muke yanka sunayen amare na saman kek, da maƙalan makulli, da allunan ƙofar ofis.

Akirilik iri biyu ne, kuma a ido kusan ɗaya suke. Akwai na zubi, wanda ake zuba ruwan robar tsakanin gilasai biyu har ya daskare. Akwai na matsi, wanda inji ke narkawa ya turo shi falle-falle. Kamfanin Plexiglas yana rubuta GS a kan na zubi, XT a kan na matsi, sai a riƙa duba takardar da ke manne a jiki. Na matsi ya fi araha, kuma bakinsa yana fita sumul yana sheƙi idan an yanka. Amma in aka ce a zana rubutu a kansa, zanen yakan fito dishi-dishi. Na zubi kuwa zanensa fari tas, kamar an barbaɗa gari. To, in mai aiki suna kawai take so a yanke mata, na matsi ya wadatar, kada mu ƙona riba. In lambar yabo ce mai rubutu, na zubi za a nema ko da ya fi tsada.

Injinmu mai kwalbar gas ne, irin wanda ake kira CO2, shi ya sa yake yanka falle garai-garai. Muna faɗin haka ne saboda 'yan'uwa da ke tambayarmu ƙananan injina masu shuɗin haske da ake tallatawa a waya. Suna da araha, gaskiya ne, amma haskensu ratsa falle mai garai yake yi ya wuce, kamar rana ta taga. Baƙi da wasu launuka masu duhu kaɗai suke iya yankawa. Wadda ke shirin saye ta sani tun kafin ta biya.

Yanzu maganar da muka fi so ta zauna a ran kowa. Shagon da ke sayar da akirilik shi ke sayar da PVC, farin allon nan mara nauyi na masu alluna, har da wani mai garai. PVC ba ya shiga injinmu, ko wa ya kawo shi, ko nawa zai biya. Akwai sinadarin kulorin a cikinsa. Idan leza ta ƙona shi, hayaƙin yana illata huhu da idanu, yana kuma cinye ƙarfen injin da tsatsa. Kun dai san da goyo wasunmu ke zuwa aiki. In ana shakkar wani falle, a fita waje, a gasa wayar tagulla, a dangwala ta a jikin robar, a mayar cikin wuta. In harshen wutar ya yi kore, akwai kulorin, a mayar wa mai shi kayansa. Akwai kuma wata roba, folikabonet, wadda ba ta yankuwa da kyau, sai dai ta babbake ta yi rawaya.

Kauri kuwa, milimita 3 ne abincinmu na kullum. Sai dai na zubi ba ya cika daidai da abin da aka rubuta, wani gefen ya ɗara, wani ya gaza, don haka a auna kafin a zana ramin da wani yanki zai shiga. Ita ma leza tana cin ɗan siririn layi, wajen kashi 1 ko 2 cikin 10 na milimita. Da ba a lissafa shi ba, sai kafar allo ta riƙa rawa. Mai madubi ana kifa shi ne a yanka ta baya, a juya rubutun a kwamfuta tukuna. Wajen gogewa ruwa da sabulu kawai. Sifirit yana sa bakin yanka ya tsattsage.

Akirilik yana kamawa da wuta, shi ya sa dokar ɗakinmu ita ce ba a barin inji yana yanka a fita, ko don amsa sallama. A kunna mai hura iska, a tabbatar bututun hayaƙi yana waje. Ruwan da ke sanyaya kwalbar ma a riƙa taɓa shi, musamman a watan Afrilu. In ya yi ɗumi a dakata. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke hawa madubin injin, sai a ga yanka ya ƙi ratsawa.

Roƙonmu ga kwamiti guda ne. Cikakken falle ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma sayen gutsattsari da muke yi ya fi tsada nesa ba kusa ba, ga shi sau da yawa ba takarda a jiki balle mu san irinsa. Muna neman a ware mana kuɗin falle uku cikakku, biyu na matsi, ɗaya na zubi, a yanka mana su a shago daidai girman teburin injin, kafin hidimar bukukuwan bayan sallah ta taso. Lissafin yana hannun ma'aji ga mai son dubawa.