FUNFUNA A ƊAKI: Yaushe Tsumma Ya Isa, Yaushe Za a Nemi Masani?



Abin da za mu tattauna yau abu ne da waɗansu za su ga bai isa a tara masu ilmi dominsa ba, watau funfuna, wannan baƙin abu ko kore da kan fito a jikin bango da silin da takalma idan laima ta yi yawa. Amma da gangan muka zaɓe shi. Yawancin waɗanda ke zaune a zauren nan, nan da shekara ɗaya ko biyu za su karɓi takardar tafiya hidimar ƙasa, wadda tun da aka kafa ta a 1973 take kai ɗan Arewa Kudu, ɗan Kudu Arewa. Waɗansu kuma aikin Gwamnati zai kai su Ikko ko Fatakwal ko Kalaba. A can za su kama ɗakin hayarsu na farko, da kuɗin da suka daɗe suna tarawa, wani ma da amarya da jinjiri. Saboda haka maganar ta shafi aljihunmu, ta kuma shafi huhun 'ya'yanmu.

Mu da muka tashi a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, hunturu ya shagwaɓa mu. A Kano ruwan da kan sauka a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, kuma duk abin da damina ta jiƙa, iskar hunturu kan busar da shi ƙayau ba da wahalarmu ba. A Fatakwal kuwa ruwan shekara ya wuce milimita 2,000, a Kalaba yana kusantar 3,000, laimar iska kuma takan yi watanni tana sama da kashi 80 cikin 100. A irin wannan wuri rigar da aka rataye a jikin bango tana iya yin funfuna ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa ta ba. Wanda ya tafi can da dabarun gida kaɗai, zai sha mamaki.

To, mece ce funfuna? Halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Tana yaɗuwa ta hanyar waɗansu ƙananan iri da ido ba ya gani, waɗanda ke yawo cikin iska ko'ina, har cikin zauren nan. Ba mai iya raba gida da su. Abinci kuwa ba ta rasawa: katako, takarda, auduga, fata, kwali, har ƙurar da ke kwance a kan fenti. Abu ɗaya take jira kafin ta tsiro, shi ne ruwa. Masana sun nuna cewa abin da ya jiƙe, in ba a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48 ba, funfuna na iya fara kama shi, kuma ɗakin da laimar iskarsa ta daɗe sama da kashi 60 cikin 100 ya zama gonarta. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka funfuna ba ta fitowa banza. Duk inda muka gan ta, akwai ruwan da ke shayar da ita, ko mun gan shi ko ba mu gan shi ba.

Game da lafiya, a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta a kan laima da funfuna a cikin gidaje, inda ta bayyana cewa mazauna irin waɗannan gidaje sun fi sauran mutane fuskantar tari, da toshewar hanci, da cututtukan hanyar numfashi, da tashin asma. Akwai kuma wata funfuna mai suna Aspergillus wadda kan sami mazauni a cikin kogon da tarin fuka ya bari a huhu bayan an warke, ko ta kama mutumin da garkuwar jikinsa ta yi rauni. Kada mu ɗauka abin wasa ne. A watan Disamba na 2020, a garin Rochdale kusa da Mancesta a Ingila, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu, kuma binciken shari'a da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfuna a gidan hayarsu ce ta kashe shi, alhali iyayensa sun sha kai kuka. Wannan ya sa a 2023 aka yi dokar da ke ɗaure masu gidajen hayar jama'a su gyara irin wannan ɓarna cikin ƙayyadadden lokaci.

Duk da haka ba mu zo nan don mu tsorata kowa ba. Yawancin funfunar da za mu gamu da ita ba ta fi ƙarfin bokiti da tsumma ba. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ba da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa: idan wurin da ya kamu bai kai murabba'in ƙafa 10 ba, watau kamar ƙafa 3 tsawo da ƙafa 3 faɗi, mai lafiya yana iya gyarawa da kansa. Sharaɗin shi ne wurin ya kasance mai tauri wanda ba ya shan ruwa, kamar tayil na banɗaki ko gilashi ko ƙarfe ko siminti mai fenti, kuma mun san inda ruwan ya fito, mun tsayar da shi. Sai a buɗe tagogi, a sa safar hannu ta roba da takunkumi irin na N95, a goge da ruwan sabulu, a busar sarai. Wanda zai yi amfani da ruwan bilic kada ya wuce kofi ɗaya a galan ɗaya na ruwa, kada kuma ya kuskura ya gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Fenti kuwa ba magani ba ne. Wanda ya shafe funfuna da fenti ya rufe ƙurji ne da bandeji. Kafin damina ta fita, fentin zai kumbura ya ɓare.

Yanzu sai mu zo ga gundarin magana, watau alamun da ke nuna cewa aikin ya fi ƙarfinmu.

Ta farko ita ce girma. Idan ta wuce ma'aunin da muka ambata, ko ta bayyana a ɗakuna da yawa lokaci guda, to gogewa da tsumma tayar da irin zai yi ya watsu cikin gidan duka, mai gogewar kuma shi zai fi kowa shaƙa.

Ta biyu ita ce dawowa. Idan mun wanke mun busar, bayan mako biyu ko uku ta sake fitowa a daidai wurin, akwai ruwan da ba mu gano ba. Yana iya zama bututun famfo da ya tsage cikin bango, ko kwanon rufi mai yoyo, ko indararo da ke zuba a jikin gini. Yana iya zama kuma ruwan ƙasa ne ke hawa cikin bulo, saboda magini bai shimfiɗa abin tare danshi a kan harsashi ba. Ana gane wannan idan laimar ta tashi daga ƙasan bango ta tsaya wajen tsayin mita ɗaya, fenti na ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa na fitowa. Farin garin nan gishirin ƙasa ne, yana narkewa cikin ruwa, ba funfuna ba ne, amma shaida ce cewa bangon na shan ruwa daga ƙasa, kuma ba sabulun da zai warkar da wannan.

Ta uku ita ce wari ba tare da an ga komi ba. Idan ɗaki yana warin tsohon rumbu, an duba bango ba a ga tabo ba, to ɓarnar tana ɓoye a saman silin, ko ƙarƙashin kafet, ko bayan kabad ɗin da aka kafe a jikin bango, ko cikin na'urar sanyaya ɗaki wadda bututun zubar da ruwanta ya toshe. Ɓalle irin waɗannan wurare ba shiri yana sakin ƙurar iri mai yawa a lokaci ɗaya. Har wa yau, tsofaffin gidaje da yawa a ƙasar nan, har da gidajen ma'aikata, silin ɗinsu na asbestos ne, wanda ƙurarsa ke jawo mummunar cutar huhu da kansa bayan shekaru. Kada kowa ya kankare shi ko ya fasa shi da hannunsa.

Ta huɗu ita ce ƙazamin ruwa. Idan abin da ya jiƙa gidan ambaliya ce, ko ruwan kwata, ko masai da ya cika ya dawo, ba funfuna kaɗai ake tsoro ba, har da ƙwayoyin cuta. Mutanen Lakwaja da Bayelsa sun ga haka a 2012 da 2022, mutanen Maiduguri kuma a watan Satumba na 2024 da madatsar ruwan Alau ta ɓalle. Ke nan mu ma 'yan Arewa abin bai bar mu ba. Katifa da kujerun soso da kafet da silin da irin wannan ruwa ya kwana a cikinsu, galibi sai zubarwa. Hatsi kuma ya fi su haɗari: gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna iya ɗauke da gubar aflatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta, kuma ita ce ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004.

Ta biyar ita ce idan ginin kansa ya fara nuna rauni: silin ya yi ciki, katakon rufi ya yi laushi har farce na shiga, bango ya tsage, ko laima ta kai ga soket da wayoyin lantarki. Nan magana ta tashi daga tsabta ta koma ta rai.

Ta shida ita ce lafiyar mutanen gida. Idan akwai jariri, ko tsoho, ko mai asma, ko wanda ya taɓa yin tarin fuka, ko mai shan maganin kansa, to ko wurin ƙarami ne bai kamata su taɓa aikin ba, kuma bai kamata a yi shi suna cikin ɗakin ba. Idan muka lura tarin yaro na lafawa in ya tafi hutu wurin kakanni, yana dawowa in ya dawo gida, wannan ishara ce babba. Sai a kai shi asibiti, a gaya wa likita halin da ɗakin yake ciki.

Wata ƙila wani ya tambaya: to wane ne masanin? Mu fara da wanda ba shi ba ne. Ba shi ne mai goyon tankin feshi da zai zo ya fesa magani ya karɓi kuɗi ya tafi ba, domin funfuna ko ta mutu, ƙurarta tana ci gaba da tayar da asma, ruwan da ya haife ta kuma yana nan. Ba shi ne kuma wanda zai dubi launinta ya ce baƙa ce, saboda haka kuɗin ya ninka ba. Launi ba ya nuna haɗari, kuma in dai ana ganin funfuna da ido, ba a bukatar kashe kuɗi wajen auna iska kafin a cire ta. Masani na gaskiya tambayarsa ta farko ita ce: daga ina ruwan yake zuwa? Zai hau rufi, ya bi bututu, ya auna danshin bango. Zai killace ɗakin da leda don kada ƙura ta shiga sauran gidan, ya cire abin da ba ya gyaruwa ya ɗaure cikin buhun leda, ya bar wurin ya bushe sosai kafin a yi filasta ko fenti, sa'an nan ya yarda ya dawo bayan an yi ruwa ya duba aikinsa. Sau da yawa aikin ba na mutum ɗaya ba ne: mai gyaran famfo ga bututu, kafinta ga rufi, injiniya mai rajista ga harsashi da tsagewar bango. Kada kuma mu manta da duba-gari, watau ma'aikatan lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, waɗanda duba gidaje yana cikin aikinsu.

Daga ƙarshe, kalma ga masu kama haya, wanda yawancinmu ke nan. A biranen Kudu akan biya kuɗin shekara guda gaba ɗaya, kuma da zarar kuɗi ya fita daga hannu, bakin ɗan haya ya yi sanyi. Saboda haka bincike kafin biya yake. In da hali a duba ɗaki da damina, washegarin ruwa. A shiga a rufe ƙofa da taga na ɗan lokaci, a ji abin da hanci zai ce. A dubi kusurwoyin silin da ƙasan bango, a yi hattara da sabon fenti a bango ɗaya tak. A tambayi maƙwabta ko ruwa na kwanciya a tsakar gida, domin dillali ba zai faɗa ba. Idan kuma ɓarnar ta bayyana bayan an shiga, a ɗauki hoto, a rubuta wa mai gida ko sashen ayyuka takarda mai kwanan wata, a riƙe kwafi. Gyaran rufi da bango da bututu a bisa al'ada nauyin mai gini ne. Namu nauyin shi ne mu bar iska ta ratsa ɗaki, mu janye gado da kabad daga jikin bango, mu daina shanya wanki a ciki, mu kuma faɗi yoyo tun yana ɗigo.

'Yan'uwa, mu ne gobe za mu zauna a ofisoshin da ke amincewa da taswirar gini, da ba da kwangilar gidajen ma'aikata da ɗakunan kwanan ɗalibai. Idan takardar kukan wani ƙaramin ma'aikaci a kan bango mai laima ta iso teburinmu, mu tuna akwai yaron da ke kwana a gindin wannan bango, mu tura a duba a makon nan, kada mu ce sai sabon kasafi.