Ja-gaban Gayya a Wurin Aiki



An nemi in yi magana a kan taimakon da ma'aikatu da kamfanoni ke yi wa jama'ar da suke zaune a cikinta. Zan taƙaita a kan mutum guda, wato ma'aikacin nan da ke tsayawa a kan irin wannan aiki har ya jawo abokan aikinsa. Ni dai na kira shi ja-gaban gayya.

Dalilina kuwa shi ne, ko a ƙauye gayya ba ta haɗa kanta. Mai gona ya tanadi fura da goro, amma in ba a sami wanda zai bi gida gida ya gaya wa samari ranar fita ba, to, sai dai furar ta yi tsami. Kamfani shi ne mai gona: yana da kuɗi, yana da mota. Abin da ba ya da shi, shi ne kunnen masinja da direba da ƙaramin akawu. Waɗannan ba su jin kiran takardar da aka manna a allon ofis, sai kiran wanda suke cin abinci tare da shi.

Mu Katsinawa mun taɓa ganin wannan. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, kuma ɗan garin nan, Malam Ahmadu Coomassie, yana cikin manyan waɗanda suka ja ragamarsa. Hukumar NORLA a Zariya ta yi ta buga littattafai da ƙananan jaridu na larduna, har lardinmu ya sami tasa mai suna Himma, kafin a rufe hukumar a 1959. To, amma takarda ba ta koyar da kanta. Waɗanda suka riƙe azuzuwan mutanen gari ne da suka iya boko, suna zama da manya a zaure bayan sun gama nasu aikin, ana ba su ɗan hasafi. Inda aka dace da mai himma, aji ya ɗore. Inda aka ɗora wa wanda ba ya so, allo ya koma murfin taga.

A wasu ƙasashe an sa doka. Indiya ta yi tata a 2013, inda ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a kan ayyukan jama'a. Doka tana iya fitar da kuɗi daga aljihu, ban musa ba. Sai dai ban san dokar da za ta fitar da mutum daga ɗakinsa ranar Asabar ya shiga kwata da shebur ba.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona a wata ma'aikata da ba zan ambaci sunanta ba. An shirya dashen itatuwa a wata makarantar firamare. Shugaba ya naɗa wani na hannun damansa, aka sayo dashen dalbejiya, aka ɗauki hotuna, aka ci shinkafa, aka watse. Ba wanda ya tambayi wa zai yi ban-ruwa idan hunturu ya shigo, ba wanda ya tuna da awaki. Kafin watan Maris babu ko ɗaya a tsaye. Wani direba ne, wanda gidansa ke unguwar, ya ce mini da an tambaye shi da ya ce a fara da kewaye da ƙaya, a kuma raba wa kowane aji nasa itatuwan. Ba a tambaye shi ba, don ba ya zama a taron manya.

Saboda haka ina ganin kada shugaba ya naɗa ja-gaba. Ma'aikata su zaɓi wanda suka amince da shi, ko da shi ne mafi ƙarancin albashi. A ba shi lokaci daga cikin sa'o'in aiki, domin zalunci ne kamfani ya sha yabo da gumin da mutum ya zubar a ranar hutunsa. Kada kuma kuɗi su bi ta hannunsa shi kaɗai, don mun san yadda zargi ke kashe zuciyar mutumin kirki. A sa masa mataimaki tun da wuri, saboda ma'aikaci ba ya da tabbacin zama: takardar canjin wuri ɗaya ta isa ta binne aikin shekara uku.

Ku ɗalibai, yawancinku za ku tafi bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, kuma a can za a ware muku rana ta aikin raya jama'a. Ku lura da kyau, a cikin kowace ƙungiya za ku ga masu zuwa don a kira suna, za ku kuma ga mutum ɗaya ko biyu da suka fara zuwa wurin mai unguwa suka tambaye shi abin da ke damun mutanensa. In za ku fara gwadawa tun yanzu, ga magudanun ruwa na cikin birni, daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Ƙaura, suna jiran yasa kafin damina ta faɗi.