Saki Linzami, Kama Kibod: Maɓallan Da Ke Rage Wa Mai Haɗa Kiɗa Cin Fetur

Daga Boɗinga nake magana da ku, kuma yau zancen sana'a za mu yi, sana'ar da wasu iyaye har yanzu suke yi wa kallon wasan yara: haɗa kiɗa da ɗaukar murya a kwamfuta.

Duk wanda ya zaga Boɗinga da Shagari, ko ya shiga cikin garin Sakkwato, ya san akwai matasan da suka sami ɗan ɗaki, suka manna soso a bango, suka ajiye laftof da makirfo da lasifika biyu. A irin ɗakunan nan ake yin waƙar biki, da yabon Manzo, da tallan shago, da sanarwar da ake turawa a WhatsApp. Abinci ake nema, ba shagala ba. To, abin da nake so mu duba shi ne, me ya sa mutum biyu masu kaya iri ɗaya, ɗaya zai gama aiki kafin La'asar, ɗayan kuma har Isha yana fama?

Sau da yawa amsar tana hannun hagu. Wanda ya gama da wuri, hannunsa na hagu yana kan kibod. Ɗayan kuwa komai da linzami yake yi: ya ja shi sama, ya buɗe jerin umarni, ya karanta, ya zaɓa, ya dawo.

Za ku ce daƙiƙa biyu ko uku ne, mene ne a ciki? Bari mu yi lissafi na misali. A ce duk zuwa da dawowa yana cin daƙiƙa 3, kuma a waƙa ɗaya ka yi haka sau 600. Daƙiƙa 1,800 ke nan, wato minti 30 cif. A ƙasar da wuta ba ta yankewa, rabin awa ba wani abu ba ne. A nan kuwa rabin awa fetur ne a cikin janareto, ko cajin batirin da ka tara da sola. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, duk mai ƙaramin situdiyo ya san kuɗin aikinsa yana bin hayaƙi.

Akwai asarar da ta fi ta fetur ciwo. Mawaƙi yana tsaye gaban makirfo, baiti ya zo masa, murya ta buɗe, ya ce maka mayar da ni baya mu sake. Kai kuma kana lalube. Kafin ka samu, zafin ya huce. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ku tuna makaɗan ƙasarmu, su Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Ɗan Anace: mai riƙe da kotso ko taushi ko kalangu ba ya tsayawa duba inda zai sa hannu, hannun ne ya haddace wurin. A yau kibod ne gangar mai haɗa kiɗa, don haka dole hannu ya haddace shi.

Zan yi magana a kan FL Studio, don ita ce aka fi gani a laftof ɗin matasanmu. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ke yin ta. Da FruityLoops ake kiranta, a 2003 aka sauya mata suna. Maɓallan da zan faɗa na Windows ne. Mai amfani da Mac, galibi Command zai danna a inda na ce Ctrl.

Na farko, kuma uban duka: Ctrl da S. Ajiye aiki ke nan. Wallahi ko wannan kaɗai ka ɗauka daga shirin yau, ba ka yi asarar data ba. Ka ɗauki baiti mai kyau, Ctrl da S. Ka daidaita ganga, Ctrl da S. Ka ji janareto ya fara tari, Ctrl da S kafin ka miƙe. Ƙaninsa shi ne Ctrl da N, wanda ke ajiye sabon kwafi da lamba a ƙarshen sunan, ya bar tsohon yadda yake. Amfaninsa? Mai waƙa ya ce a sauya kiɗan, ka sauya, gobe ya dawo ya ce ai na jiya ya fi daɗi. In ka danna Ctrl da N kafin sauyin, na jiyan yana nan. Ka kuma shiga saitin fayil ka kunna ajiyar da manhajar ke yi da kanta lokaci zuwa lokaci. Sannan gargaɗi ga masu sigar gwaji: tana barinka ka ajiye aiki, amma ba za ta sake buɗe shi ba sai ka saya. Kada ka karɓi aikin mutane a kanta ba ka san haka ba.

Na biyu, ƙofofi huɗu. Ka ɗauki FL Studio kamar gida mai ɗaki huɗu. F5 yana buɗe Playlist, inda ake jera waƙa daga farko zuwa ƙarshe. F6 yana buɗe Channel rack, inda kayan kiɗanka suke. F7 yana buɗe Piano roll, inda ake rubuta sautuka. F9 yana buɗe Mixer, inda ake daidaita ƙarar kowane sauti. In ka sake danna maɓallin, tagar ta rufe. In allo ya cika ka rasa inda kake, F12 zai rufe su duka ka fara numfashi. Mafi yawan yawon da linzami ke yi, tsakanin ɗakunan nan ne.

A nan akwai tarko. Wani zai danna F9 a laftof, maimakon Mixer ya buɗe sai ƙarar na'ura ko hasken allo ya sauya. Ba lalacewa ba ce. Laftof da yawa sun ba layin sama wani aiki, sai ka haɗa da Fn. A wasu, Fn da Esc yana kulle shi ka huta. A wasu kuma sai an shiga BIOS an sauya. In ba ka saba da wurin ba, ka kai wa mai gyara, aikin minti kaɗan ne.

Na uku, maɓallan ɗaukar murya. Doguwar sandar ƙasa, wato Space, ita ke kunnawa da tsayarwa. R yana shirya ɗauka. L yana sauyawa tsakanin jin ɗan guntun kiɗa da jin waƙar gaba ɗaya, kuma sau da yawa in sabon shiga ya ce waƙarsa ta ƙi tafiya, L ne bai danna ba. Ctrl da M yana kunna ɗan ƙwanƙwasan da ke riƙe wa mawaƙi awo. Ctrl da P yana sa a ƙirga masa kafin ɗauka ta fara, don ya ja numfashi. In wani sauti ya maƙale yana ta ƙugi a lasifika, Ctrl da H zai kashe shi nan take. Ctrl da Z kuma yana mayar da kai baya in ka yi ɓarna. Ku lura, a tsofaffin sigogi taki ɗaya yake komawa, in ka sake dannawa ya dawo da abin da ka goge. Mai son ci gaba da ja da baya a can sai ya haɗa Ctrl da Alt da Z. Ka gwada taka ka ga halinta tun kafin baƙo ya zo.

Na huɗu, gina waƙa. Waƙoƙinmu suna da amshi, amshi kuwa dawowa yake yi. Ka zaɓi yankin da kake so, ka danna Ctrl da B, sai kwafinsa ya sauka daidai bayansa. Ka danna sau huɗu, ka samu huɗu. Ctrl da A yana zaɓar komai, Ctrl da D yana sakin abin da aka zaɓa. Kayan aikin ma harafi ɗaya ne kowanne: P alƙalami, B buroshi, C wuƙar yanka, D gogewa, E zaɓe, T toshe bakin sauti.

A cikin Piano roll akwai biyun da ke ceton rai. Mawaƙiya ta ce kiɗan ya yi mata sama, muryarta ba ta kaiwa. Ba sai ka sake rubutawa ba. Ka zaɓi sautukan, ka riƙe Shift ka danna kibiyar ƙasa, kowace dannawa rabin mataki ce. In Ctrl ka riƙe, tsalle guda zai yi na mataki 12. Ka tuna dai ka sauke duk kayan da ke ɗauke da karin waƙar, har da bes, ganguna ne kawai za ka bari.

Sai Ctrl da Q, wanda ke jawo sautukan da ka buga su zauna daidai kan layi. Yana da amfani, amma a yi hattara. Daɗin kalangu yana cikin ɗan jinkiri da ɗan gaggawar da hannun mutum ke yi. In ka miƙar da komai, kiɗan zai fito kamar sojoji na fareti. Ka miƙar da babbar ganga, ka bar wa ƙananan rayuwarsu. In kana son matsar da sauti ɗaya ɗan kaɗan ba tare da layi ya fizge shi ba, ka riƙe Alt kana jan sa.

Ga wani darasi da ya kamata kowa ya riƙe: maɓalli ɗaya yana iya yin aiki biyu, ya danganta da tagar da kake ciki. Ctrl da L a Channel rack yana tura kayan kiɗan da ka zaɓa zuwa layin da babu kowa a Mixer. Shi ɗin dai a Piano roll, miƙar da sautuka yake yi kowanne ya taɓo na gabansa. Don haka kafin ka danna, ka san ɗakin da kake tsaye. Haka kuma in ka danna P ko B ka ji sautin fiyano maimakon kayan aiki ya sauya, to kibod ɗinka an mayar da shi fiyano ne. Ctrl da T ke kunna wannan da kashe shi, kuma alheri ne ga wanda bai sayi fiyano ba tukuna.

In an gama, Ctrl da R yana fitar da waƙa a WAV, wanda ya fi inganci, shi za ka ajiye ko ka kai gidan rediyo. Ctrl da Shift da R yana fitar da MP3, mara nauyi, na turawa a waya.

Masu Cubase da Ableton Live, kada ku ce an manta da ku. Space da Ctrl da S duk ɗaya ne a wurinku. Amma ku kula, Ctrl da D a can kwafi yake yi, a FL Studio kuma saki yake yi. Wanda ya je situdiyon wani a Kano ko Kaduna, ya fara tambayar manhajar da ke gabansa kafin ya nuna gwaninta.

Na san wani zai ce ai sauri ya haifi nawa. Gaskiya ne, kuma maɓalli ba ya gyara kunne. Wanda bai iya jin murya ta kauce ba, ko ya haddace kibod duka, shirme zai yi, sai dai ya yi shi da wuri. Ba cewa nake a gaggauta waƙa ba. Cewa nake a rage lokacin da ke tafiya a lalube, a mayar da shi wurin saurare. Rabin awar nan da muka lissafa, in ta dawo hannunka, ita ce za ka zauna ka ji ko muryar ta nutse cikin kiɗa, ko amshin ya yi tsawo.

Yaya za a koya? Kada ka kwafi maɓalli 50 ka ce za ka haddace a dare ɗaya. Ɗauki biyar: Ctrl da S, Space, F5, F7, F9. Rubuta su a takarda ka manna a gefen allo. Mako guda, ka haramta wa kanka taɓa waɗannan da linzami. Kwana biyun farko za ka ji kamar ka ƙara nawa, ka daure. Ranar da hannunka ya danna kafin ka yi tunani, ka cire takardar ka rubuta wasu biyar. A wata ɗaya kana da 20, kuma su ne mafi yawan aikin yau da kullum. Ba sai da wuta ba ma: laftof a kashe, kana iya horar da yatsu.

Ga masu situdiyo da ke da yara a ƙarƙashinsu, ina roƙonku kada ku ɓoye wannan. Yaron da ya shekara yana kawo ruwa da naɗe waya, ya cancanci a zaunar da shi a nuna masa. Haka 'yan'uwanmu mata masu ɗaukar murya da gyaran shirye-shirye a gida, wannan ilimi naku ne. Muna yawan cewa matashi ya dogara da kansa kada ya zama ɗan rakiyar 'yan siyasa. To dogaro da kai ba a taro ake yin sa ba. Yana farawa ne daga mutum ya san kayan aikinsa har ya iya cika alkawari: ya ce wa mai biki gobe, kuma goben ta tabbata.

Aikin gida na wannan mako shi ne biyar ɗin nan. Wanda ya gwada ya gaya mana wanne ya fi ba shi wahala. Ku tura wa abokinku mai situdiyo. Allah ya sa albarka a sana'a, ya ba mu wuta mai ɗorewa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.