Ruwan Sanyaya Injin Ban-Ruwa

Maganata yau a kan babban injin gas ce, mai shan ruwa don ya huce, ba ƙaramin na fetur da iska ke sanyaya shi ba.

Da yawanku kun jawo siririn tiyo daga bakin famfo zuwa jikin inji. Dabara ce mai kyau. Haka ma ake yi wa jiragen ruwan nan masu gudun tsiya da famfo ke turawa, irin waɗanda aka ƙera a New Zealand tun shekarun 1950. Amma fa a haɗa daidai.

Ruwa ya shiga ta ƙasa, ya fita ta sama, don ya koro iskar da ke ciki. Ku sa rariya a mashiga, gama yashin kogi yakan kwanta ya toshe hanya. Makunnin rage ruwa a mashiga ake sa shi. In kun matse mafita, ƙarfin famfo zai ɓarke gasket.

Bakin mafita kuwa, ku bar shi a fili inda ido ke gani. Ku riƙa taɓawa. In da sanyi ƙalau, ruwa ya yi yawa, ku rage. In tururi ne, ko ya ɗauke, maza ku kashe inji, ko da rijiya ce ta janye.

Bara wani ya kwara wa injinsa ruwan sanyi yana da zafi. Kan injin ya tsage, tumatirinsa na fure. Ku bari ya huce da kansa tukuna.