Gishiri a Tankin Tarwaɗa

Kashi na biyu na 'ya'yan tarwaɗa ya iso wata unguwa a bayan garin Kano, amma masu karɓa sun noƙe. Na farkon da aka raba ya mutu a gidaje da dama, magana kuwa ta bazu cewa iri mai cuta aka kwaso aka juye wa talaka. Shi ya sa malamin kiwon kifi na yankin ya roƙi mai unguwa ya tara masa jama'a bayan la'asar.

Bai ɓata lokaci kan yadda ake kafa tanki ba, don kowa a wurin ya riga ya kafa. "Ranka ya daɗe, iyayena da yayyena," in ji shi, "irin nan daga wuri ɗaya ya fito. Na maƙwabcinka yana nan yana cin abinci, naka ya mutu. Me ya bambanta ku in ba ruwa ba?"

Sai ya shiga labarin wani gida da ya je, ya tarar da kifi kwance, yauƙin jikinsu ya saɓule. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ruwan, ya ji gishiri zau. Ashe maigidan ya ji an ce gishiri maganin kifi ne, kullum sai ya watsa kwano guda. Da aka yi masa magana ya ce ai kifin ƙanƙarar da ake sayarwa a kasuwa a teku yake rayuwa, gishiri bai kashe shi ba. Wasu suka yi dariya, malamin bai yi ba.

Yana da dalilin ɗaure fuska. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, wato jarkar lita 20 za a samu giram 700 a cikinta, alhali ruwan Tiga ko na Kainji bai kai giram 1 a lita ba. Kifin teku shan ruwan yake yi, jikinsa yana fitar da gishirin. Tarwaɗa da karfasa kuwa ruwa ne ke shiga jikinsu da kansa, su riƙa fitar da shi ta fitsari. In gishiri ya yi yawa a tanki sai abin ya juye, ruwan jikin kifin ya riƙa tsiyayewa waje. Ko gwamnati ba ta haɗa su ba: cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana New Bussa, ta kifin teku tana Legas. Wankan gishiri ga kifi mai rauni gaskiya ne, amma 'yan giram ne a lita, da awo, na ɗan lokaci.

Wani dattijo ya ɗaga hannu. Shi bai zuba gishiri ba, in ji shi, kuma tarwaɗa ko a taɓo tana rayuwa, don me za a ce ya riƙa biyan 'yan ga-ruwa yana canja ruwa?

Nan muryar malamin ta tashi, sannan ya sassauta. "Baba, don Allah a saurare ni. Gaiwa ce ke shekara a busasshen taɓo. Tarwaɗa tana jurewa, tana leƙowa ta shaƙi iska, shi ne yake ruɗar mu. Amma ta kududdufi ba ɗari biyar ba ce a tamfol ɗaya, kuma ba mai jiran ta yi kilo." Ya ce kashinta da ragowar abinci su ke zama amoniya, wadda ke ƙona jan naman da take numfashi da shi. In an ga kifi sun tsaya a tsaye a saman ruwa, sun ƙi abinci, ruwa ya fara wari, to an makara. Ya sake komawa kan iri: "Wallahi ba irin ba ne. Ku kai shi ko'ina a auna."

Kukan dattijon kan tsadar ruwa dai gaskiya ne, kuma malamin bai amsa shi sosai ba. Iyakar abin da ya ce, a rage yawan kifin daidai ruwan da ake iya saye, a zubar da wani kaso a ƙara sabo maimakon kwashewa duka, tsohon ruwan a ba lambun alayyahu.

Ya tuna kuma da wata baiwar Allah da ta cika tanki da ruwan famfo ta saki 'ya'yan kifi nan take, kulorin ya gama da su kafin gari ya waye. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe, na burtsatse ma haka, don ba ya zuwa da isasshiyar iska.

Ladan ya fara gyara lasifika, sai sauran bayanin ya zo a gurguje: sabon tankin siminti a jiƙa shi a wanke kafin a sa kifi, a ware manya daga ƙanana don suna cin juna, a rage abinci da hunturu. Ya ce ranar Asabar zai zaga da abin awon ruwa, duk mai son kashi na biyu ya rubuta suna wurin mai unguwa, kuma ba zai sauke wa kowa kifi ba sai ya ga ruwansa.