Abubuwan da Ke Kawo Ciwon Zuciya

Yau mu ajiye alli tukuna, maganar zuciya za mu yi.

Kowa a nan ya san aikin lambu. In laka ta toshe hanyar ruwa, fangalin da ke can ƙarshe sai ya bushe, albasa ta mutu. To, haka zuciya take. Ita ke tura jini ko'ina cikin jiki, amma ita ma tana da 'yan jijiyoyinta masu shayar da ita. In kitse ya taru cikinsu sai su ƙuntace, wata rana su toshe. Shi ne za ku ji an ce wane ya yi sallar asuba lafiya lau, kafin hantsi ya faɗi.

Me ke kawo wannan? A shekarar 1948 likitoci a Amurka suka fara bin mutane fiye da 5,000 na wani gari, Firamingam, suna auna su shekara da shekaru. Suka ga waɗanda ciwon ya fi kamawa su ne masu hawan jini, da masu shan taba, da masu kitse da yawa cikin jini, da masu ciwon sukari, da masu ƙiba. Akwai kuma tsufa da gado, amma waɗannan ba mu da iko a kansu.

Wanda ya fi damunmu shi ne hawan jini, don ba ya sallama. Mutum sai ya shekara goma da shi yana noma, bai ji ko ciwon kai ba. Awo kaɗai ke tona shi. Ku je asibiti a ɗaura muku abin awo a damtse, ba zafi. In an auna ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko fiye, to, akwai shi. Wanda aka ba magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Nan ne yawancinmu ke kuskure.

Ku lura da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokalin shayi bai cika ba. Dunƙulen miya gishiri ne, kanwa ma 'yar'uwarsa ce. Kada maigida ya koma gida ya ɗora wa uwargida laifi, don mun san wanda ke cewa miya ta yi lami!

Taba kuwa ba ragewa ake yi ba, bari ake yi. Tafiya kuma magani ce. Iyayenmu da ƙafa suke zuwa Sifawa daga Boɗinga, mu ko masallaci sai da babur.

In kun ji nauyi a ƙirji kamar an aza muku dutse, yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi, kada ku jira gari ya waye. A nemi mota a kai ku asibiti mafi kusa nan da nan. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.